Kalmar zargi a Sinanci, ga masu zuwa Guangzhou sarin kaya

'Yan uwa, kalmar da za ku riƙe ita ce huáiyí (怀疑). Ita ke ɗaukar zargi da kokwanto duka. Harafin farko, huái, ƙirji ne ko ɗaukar abu a ciki, shi ya sa yake cikin huáiyùn, wato juna biyu. Na biyu, yí, shakka. Ni dai haka na haddace ta: mutum ya ɗauki cikin shakka.

Wurin furuci ne Bahaushe ke tuntuɓe. Gaɓoɓin biyu duk murya hawa take yi, kamar kana tambaya, mu kuwa Hausa ba ta da karin da ke hawa, sai mai sauka. In ka saukar da ita ka ce huài, "lalatacce" ka faɗa.

"Wǒ huáiyí zhè shì jiǎ de" na nufin ina zargin wannan jabu ne. Amma don Allah kar ka jefa wa mai shago ita a gaban yaransa, cin fuska ne, ciniki zai watse. Ka ce "wǒ bù tài quèdìng", ban tabbata sosai ba, sannan ka nemi ya buɗe kwalin.

In ka ji ɗan sanda ya ce xiányírén, wanda ake tuhuma yake nufi.