Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa kan ƙwan furen okid

Duk shekara kuka ɗaya ɗalibai ke kawo mini a ɗakin gwaje-gwajenmu nan Sakkwato, har na gaji da maimaita amsa.

Na farko, yanka furen okid (wani dangin tsirrai masu furanni) ranar da ya buɗe ana neman ƙwan iri a ciki. Ba za ku same shi ba. A okid da yawa ƙwan ba ya fara girma sai ƙurar namiji ta sauka a kan furen, kuma a jinsin Phalaenopsis sai an kusa wata uku kafin jakar tayi, wato jakar da ke cikin ƙwan inda tayin iri ke samuwa, ta kammala. Ku yi barbarar da hannu, ku rubuta ranar, ku riƙa ƙirgawa.

Na biyun ne ke ƙona mini rai: barin abin da aka tsinko a ajiye kafin a saka shi a ruwan adanawa. A cikin ƙwan, uwar ƙwayar halitta takan rabu gida huɗu, uku su mutu bisa tsarin da shukar ta shirya wa kanta, ta can ciki, nesa da bakin ƙwan, ita ke rayuwa ta zama jakar tayi. Wannan mutuwar ka'ida ce, ita muke nema. Amma zafin garin nan ma kisa yake yi, kuma a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da wuya a bambance su. Wani watan Afrilu na tsinko kwanson irin okid da na yi kwana 60 ina jira, na ajiye kan tebur na tafi sallar Azahar, aka ɗauke wuta. Ko da na dawo ya yi yaushi. Rinin TUNEL, mai nuna ƙwayoyin da ke mutuwa, ya kama ko'ina, har ƙwayoyin da ba su da dalilin mutuwa. Wahalar wata biyu da tsiron da aka kawo mini tun daga Jos suka tafi a banza. Tun ranar ba na ɗaukar reza sai kwalbar FAA, ruwan da ke adana ƙwayoyi yadda suke, na buɗe a gabana. Kai da ke cewa "Malam, minti goma kacal na bari", koma ka sake daga farko, ba zan duba ba!

Kada ku nace sai kun ƙirga cibiyoyin ƙwayar halitta 8 a jakar tayin. Okid da dama 6 ko ƙasa da haka suke tsayawa, ba lalacewa ba ce. Haka in ɗaya daga ƙwayoyi biyu masu rakiyar ƙwai a jakar ta mutu lokacin shigar bututun ƙurar namiji, daidai ne.

Da fensir nake rubuta alamar kwalba, domin ruwan adanawar yana wanke tawadar biro.