Idan kan babur ya fara rawa, daga ina za ka fara dubawa?

Ranar da abin ya fara yi mini, ina gangarowa ne daga wata 'yar gada. Na saki totur, gudu ya sauko wajen kilomita 70 a awa, na ɗaga hannun hagu zan gyara gilashin hular kwano. Kawai sai kan babur ya kama kaɗawa, dama hagu dama hagu, kamar kare ya fito daga ruwa yana kakkaɓe jiki. Ina mayar da hannu abin ya lafa, amma gabana bai daina faɗuwa ba har na isa gida.

Washegari na kai wa wani bakanike. Ko hawa bai yi ba ya ce boris ɗin wuya ne, wato wanda kan babur ke juyawa a kansa. Aka sauya, na hau, rawa tana nan daram. An bar jaki ana dukan taiki. Daga nan na ɗauri aniyar bin abin da kaina, ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga lokacin haka nake yi wa kowane babur da ya zo hannuna: in fara da abin da ba ya buƙatar sifana, in bar kwance-kwance sai ƙarshe.

Ka fara tantance wace irin rawa ce, don iri biyu ne. Akwai ta kai, mai sauri, wadda hannun babur ke kaɗawa kamar sau 4 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya. Ita ta fi zuwa lokacin da ka saki totur tsakanin kilomita 60 zuwa 80, ko bayan tayar gaba ta daki rami. Akwai kuma lilo, wanda dukan babur ke tafiyar maciji, a hankali, galibi a babban gudu. Shi lilo yawanci daga bayan babur yake tasowa. In ka san wacce ke damunka, ka rage wa kanka rabin aiki.

Idan ta kama ka a kan hanya, kada ka damƙe birkin gaba, kada kuma ka ƙanƙame hannu kana kokawa da shi. Hannun mutum bai kai saurin wannan kaɗawa ba, sai dai ka ƙara mata ƙarfi. Matse tanki da gwiwoyi, sassauta kafaɗu, ka ɗan duƙa gaba don nauyinka ya hau kan tayar gaba, ka rage totur sannu a hankali.

To, taya. Auna iska da geji da safe, kafin ka hau, tayar na da sanyi. Lambar da za ka bi tana cikin littafin babur ko a 'yar takardar da aka manna kusa da sarƙa. Wadda ke rubuce a gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba, kuma mutane da yawa nan suke rikicewa. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne, ko wa ya gaya maka.

Bayan iska, shafa tafin hannunka a kan zanen taya, gaba sannan baya. Lafiyayyar taya sumul za ka ji ta. Idan ka ji tudu da kwari, kamar haƙoran zarto, ta ci gefe-gefe ke nan, kuma babu iskar da za ta gyara ta. Ido ba ya cika ganin wannan, hannu ne ke ji. Duba kuma siririn layin da ke zagaye gefen taya dab da bakin rim: tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. In ya nutse a wani wuri ya fito a wani, tayar ba ta zauna daidai ba, sai a sace iska, a shafa ruwan sabulu a bakin, a sake hurawa. Akwai lambobi huɗu a gefen taya da ke nuna shekarunta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida robarta ta fara bushewa, ko da zanenta bai suɗe ba.

Yanzu kafe babur a babban jak, ka sa wani ya danna bayansa har tayar gaba ta bar ƙasa. Riƙe alli a jikin shokar gaba, bakinsa ya kusa taɓa gefen rim, ka juya taya. Inda allin ya shafa, nan rim ya karkace. Yawancin littattafan gyara suna ba da milimita 2 a matsayin iyaka. In rim mai wayoyi ne, bi su ɗaya-ɗaya da sifana kana ɗan ƙwanƙwasawa. Mai ƙarfi za ta yi ƙara "tin", wadda ta saki za ta yi "dum". Sannan kama taya sama da ƙasa ka jijjiga ta gefe da gefe. Ko ɗan motsi ka ji, boris ɗin taya ya tafi. Ka kuma sake ta ta juya da kanta har ta tsaya, sau uku. Idan kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa, nauyinta bai daidaita ba, tana buƙatar a manna mata ɗan dalma a ɗaya ɓangaren.

Sai wuya, inda aka fi yin ɓarna. Tayar gaba na sama, juya hannu a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da yatsu biyu kawai. Abin da kake nema shi ne wani ɗan maƙalewa a tsakiya, kamar kan yana son ya tsaya a saiti ya ƙi fita. Wannan alama ce 'ya'yan boris sun haƙa wa kansu gurbi a mazauninsu, saboda shekaru suna shan duka a wuri guda. Giris ba ya maganinsa, ɗaurewa ma sai ta ƙara lalata shi. A sauya boris tare da mazauninsa, sama da ƙasa. Idan babu maƙalewa, tsuguna a gaba, kama ƙafafun shoka biyu daga ƙasa, ka ja su wajenka ka tura. In ka ji "ƙas-ƙas", wuya ya yi sako-sako. Kwance notocin da ke damƙe da shoka a farantin sama, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun shoka biyu a ƙarƙashin hannun babur, sassauta babban notin tsakiya, sannan ka ɗaure notin saiti da ke ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a kowane karo. Daidai shi ne ka ɗan tura hannu ya zame da kansa zuwa gefe a natse, ba ya faɗi ya buga ba, ba kuma ya tsaya a hanya ba. Ka kula, wayar kuloci da ta totur kan riƙe shi su yaudare ka. Kuma ɗaure babban notin sama yana ƙara matsi, don haka sai ka sake gwadawa bayan ka gama.

Na sha ganin an ɗaure wuya tamau don a kashe rawa. Tana ɓoyewa kam, amma sai babur ya koma yawo a ƙaramin gudu, ba ya riƙe layi, boris kuma ya mutu cikin 'yan watanni.

Shokar gaba ba ta da wuyar dubawa. In ɗaya na zubar da mai, ƙafafun biyu ba sa aiki tare. Tsayinsu a farantin sama ya zama ɗaya. Idan babur ya taɓa faɗuwa har taya ta daina kallon inda hannu ke kallo, sassauta notocin farantin ƙasa da na ƙarfen tsakiyar taya, riƙe birki ka danna gaban sau biyar ko shida su koma mazauninsu, sannan ka ɗaure.

Ni fa duk wannan na bi, sai a bayan babur na samo sauran laifin. Tayar gaba ta ci haƙoran zarto, na sauya ta, rawa ta ragu amma ba ta mutu ba. Ashe akwatin kayan aiki ne da na ɗaure a can ƙarshen kariya, bayan tsakiyar tayar baya. Duk nauyin da ke can yana ɗage gaba, tayar gaba ta rasa riƙon ƙasa. Ga shokar baya a saitinta mafi laushi, babur ya zauna da gindi. Na matso da akwatin kan kujera, na ƙara wa shokar mataki biyu. Ka duba naka: jijjiga tayar baya gefe da gefe ko bushin ƙarfen da ke riƙe da ita ya ci, ka ƙirga zanen saitin sarƙa dama da hagu su zo ɗaya. Ni ban cika yarda da zanen nan ba, na fi son in ja zare biyu daga gefen tayar baya zuwa gaba in ga ko tayar gaba na tsakiyarsu.

Wasu kan ce a sayo na'urar nan da ake ɗaurawa a wuya don danne kaɗawa. Tana da amfani a baburan tsere, amma a kan babur mai lalatacciyar taya, rufe ciwo ne da riga.

Duk abin da ka taɓa, ka fita gwaji kafin ka taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. Hanya ɗaya nake bi kullum, miƙaƙƙiya, babu motoci. In kai kilomita 80, in saki totur, in buɗe yatsuna amma tafin hannu na nan dab da hannun babur. Bayan na matsar da akwatin, na sauko tun daga 80 har 40 kan bai ko motsa ba. Na juya na sake bi sau biyu kafin na yarda.