Yadda ake kawar da ƙazwa daga gida bisa lissafin rayuwar ƙwaronta

Yawancin gidajen da ƙazwa ta ƙi barinsu ba maganin banza suka sayo ba. Matsalar tana wajen lokacin shafawa da kuma waɗanda aka bari ba a shafa wa ba, kuma duka biyun rayuwar ƙwaron ce ke fayyace su.

Masana suna kiran wannan ƙwaro Sarcoptes scabiei. Ɗan uwan kaska ne da gizo-gizo, shi ya sa babbansa yake da ƙafa 8. Macen ba ta kai rabin milimita ba, namijin kuwa bai wuce kusan rabinta ba. Ba ya tashi, ba ya tsalle, rarrafe kawai yake yi, don haka sai fata ta daɗe tana gugar fata kafin ya ƙetara: kwana a shimfiɗa ɗaya, goyo, kwanciyar aure, cunkoson tsangaya, makarantar kwana, sansanin gudun hijira ko gidan yari.

Bayan barbara, macen takan haƙa siririn rami a ɓawon fata na sama, ta zauna ciki har ƙarshen rayuwarta, wata ɗaya zuwa biyu. Kullum tana ci gaba da haƙa, tana ajiye ƙwai 2 zuwa 3 a bayanta. Cikin kwana 3 zuwa 4 ƙwan yake ƙyanƙyashewa, ɗan ƙwaro mai ƙafa 6 ya fito saman fata, ya nemi ɗan gurbi ya ɓuya. A nan zai yi ta saɓa har ya zama babba, kimanin kwana 10 zuwa 14 daga ƙwai. A riƙe waɗannan alƙaluma, don a kansu aka gina komai na maganin.

Mataki na 1: a tabbatar ƙazwa ce

Alamarta ita ce ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakankanin yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, hammata, cibiya, ƙugu, ɗuwawu, kan nono da al'aura. Jarirai kan samu har a tafin hannu, tafin ƙafa, kai da fuska. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna susa, zato ya ƙara ƙarfi. Ma'aikacin lafiya zai nemi ramin, wani ɗan layi ne mai lanƙwasa kamar guntun zare.

Mai ƙazwa ta yau da kullum bai fi ɗauke da ƙwari 10 zuwa 15 ba. Ƙaiƙayin ba cizo ba ne, jiki ne ke mayar da martani ga ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, alhali yana yaɗawa. Wanda ya taɓa yi kuwa cikin kwana 1 zuwa 4 zai fara susa.

Mataki na 2: a ƙirga kowa

Saboda wancan shiru na makonni, duk mai kwana a gidan, da duk wanda ake haɗa shimfiɗa da shi, a yi masa magani rana ɗaya, ko yana susa ko ba ya yi. A gidan mai mata fiye da ɗaya, kowane ɗaki ya shiga lissafi. Nan ne aka fi faɗuwa: a shafa wa yaran da ke kuka, a bar maigida da ke cewa lafiyarsa ƙalau, bayan wata guda cutar ta dawo.

Mataki na 3: shafa magani

Man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari shi ne na farko. Babban mutum yana buƙatar kimanin giram 30 a shafi ɗaya. A yanke farce, a yi wanka, a bari jiki ya bushe ya huce, sannan a shafa daga wuya har tafin ƙafa ba tare da tsallake ko'ina ba: ƙarƙashin farce, cikin cibiya, tsakanin ɗuwawu, bayan kunne. Ga ƙananan yara da tsofaffi a haɗa da kai da goshi, a kauce wa ido da baki. A bar shi awa 8 zuwa 14, shi ya sa bayan isha'i ya fi dacewa. Duk inda ruwa ya taɓa kafin lokaci ya cika, ko da alwala ce ko tsarki, a sake shafawa nan take, domin hannu ne babban mazaunin ƙwaron.

Inda babu permethrin, akwai ruwan benzyl benzoate mai kashi 25 ga manya, ana barinsa awa 24. Yana da zafi, don haka ana sirka wa yara shi bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Man farar wuta mai kashi 5 zuwa 10 ana shafa shi dare uku a jere. Yana da wari, yana ɓata kaya, amma shi ake zaɓa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Ƙwayar ivermectin likita ne ke auna ta da nauyin jiki, kuma ba a saba ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

Kada a yi amfani da mayukan ƙaiƙayi masu sinadarin steroid da ake saye a kemis a matsayin magani. Suna kwantar da susa, ƙwaron kuma yana ta hayayyafa a ƙarƙashi. Baƙin mai, kananzir da maganin feshin gona kuwa guba ne ga fata, musamman ta yaro.

Mataki na 4: kaya

Idan ƙwaron ya bar jikin mutum, kwana 2 zuwa 3 kawai yake iya rayuwa, kuma zafin digiri 50 na minti 10 yana kashe shi. A tattara tufafi, zannuwan gado, tawul da majanyi da aka yi amfani da su a kwana ukun da suka wuce, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda aƙalla kwana 3. Katifa da tabarma a fitar da su rana. Ba sai an ƙone komai ko an yi wa gida feshi ba.

Mataki na 5: shafi na biyu, bayan kwana 7

Wannan bai kamata a yi wasa da shi ba. Shafin farko yana kashe ƙwarin da ke yawo, amma wasu ƙwai kan tsira, ivermectin ma ba ta kashe ƙwai. Bayan mako guda duk sun ƙyanƙyashe, amma ba su girma sun fara nasu ƙwan ba. Idan aka maimaita da wuri, akwai sauran ƙwai; idan aka yi jinkiri fiye da mako biyu, sabbin mata sun fara haƙa.

Bayan magani

Ƙaiƙayi na iya ci gaba mako 2 zuwa 4 ko da ƙwarin sun mutu, har fata ta zubar da ragowarsu. Kada a yi ta ƙara shafawa, don hakan na ƙona fata. Sabbin ramuka ko sabbin ƙuraje ne alamar magani bai ci ba.

A garzaya asibiti idan ƙurajen sun yi mugunya, ko yaro ya kumbura a fuska, ko fitsarinsa ya yi duhu, domin ƙwayoyin cutar da ke shiga ta wurin susa suna iya taɓa ƙoda. Haka nan mai raunin garkuwar jiki da fatarsa ta yi ɓawo mai kauri: irin wannan yana ɗauke da dubban ƙwari, kayansa ma na yaɗa cutar, kuma sai an haɗa masa ƙwaya da man shafawa sau da yawa a ƙarƙashin kulawar likita.