Intanet ta wayar wutar gida: inda ake yawan yin kuskure

A manyan gidajen Sakkwato masu sassa da yawa, Wi-Fi ba ya ratsa katanga ya kai kowane ɗaki. Shi ya sa wasu ke sayen adafta guda biyu masu tura intanet ta cikin wayar lantarki, irin na TP-Link: ɗaya a kusa da rauta, ɗaya a ɗakin da ake so. Dabara ce mai kyau, amma da yawa suna haɗawa su ce ba ta aiki, alhali matsalar daga haɗin take.

Kuskuren farko shi ne jona adafta a soket mai doguwar waya ko a bayan sitabilaiza. Mun saba kare kayanmu daga wuta mai ƙarfi, to amma abin da ke tace wutar shi ke cinye saƙon intanet ɗin. A jona ta kai tsaye a soket na bango, kuma a nisanta ta da caja mai araha, firij da injin tura ruwa.

Na biyu ya fi shafarmu. Gida ɗaya sai ka tarar da layin Nefa, layin janareta da layin sola, wani ma fes uku gare shi. Idan adafta ɗaya tana layin inbata, ɗayar tana layin Nefa, da wuya su ga juna, kuma duk lokacin da aka juya makunnin canza wuta haɗin na iya yankewa. Kafin a kashe kuɗi, a kira mai gyaran wuta ya nuna soket ɗin da ke layi ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne tsaro. Adaftocin da ke aiki da tsarin da ake kira HomePlug AV suna kulle bayanai da tsarin ɓoye saƙo na AES mai bit 128, amma da yawa suna fitowa daga kamfani da kalmar sirri iri ɗaya: HomePlugAV. Saƙon kuma ba lallai ya tsaya a mita ba. A gidan haya da ake raba wuta, maƙwabci mai irin na'urarka zai iya jonawa ya shiga layinka, ya sha datarka, har ya kai ga firinta ko kyamarar tsaronka. Gyaran ba wuya: danna maɓallin haɗi a ta farko, ka danna na ta biyu cikin minti 2, sai su ƙirƙiri sabon makulli nasu kaɗai. In adaftar tana ba da Wi-Fi, shi ma a canza masa kalmar sirri.

Kada a haɗa adaftar HomePlug da ta G.hn, wato wani tsarin daban, ba sa jin yaren juna. Lambar saurin intanet ta 1000 ko 2000 da ke jikin kwali kuwa ba ita za ka samu a gida ba, musamman in wayoyin sun tsufa.

A zafin Afrilu, da ma'auni ke wuce 40, kada a ɓoye adafta bayan labule ko kujera. Tana ɗaukar zafi, tana buƙatar iska.