Yadda Ake Girka Murhun Ɗumama Ɗaki Irin na Ƙasashen Sikandinebiya

Duk wanda ya ga hotunan gidajen Norwe ko Suwidin ya san fasalinsu: farin bango, kayan katako marasa yawa, da baƙin murhu mai ƙofar gilashi a kusurwar falo. Ba don ado aka fara ƙera murhun ɗumama ɗaki a can ba. A 1767, lokacin da hukumomin Suwidin suka damu da yadda ake cinye dazuzzuka, Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede suka tsara murhun bulo da hayaƙi ke zagayawa a cikinsa ta hanyoyi masu lanƙwasa kafin ya fita, domin itace kaɗan ya ba da zafi mai yawa. Mutumin Yamai da ya san tsadar motar itace ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sai dai wancan katafaren murhun bulo bai dace da mu ba, saboda yana riƙe zafi sa'o'i masu yawa, mu kuwa ɗarinmu na Disamba da Janairu na dare ne da asuba, hantsi na yi ya wuce. Abin da ya fi shi ne ƙaramin murhun ƙarfen zubi, irin wanda kamfanonin Jøtul na Norwe da Morsø na Danmak, waɗanda aka kafa a 1853, ke ƙerawa, mai ƙarfin kilowat 4 zuwa 6, wanda ke ɗaukar zafi da wuri ya kuma huce da wuri.

A ɗora shi a kan siminti ko tayil, kuma shimfiɗar da ba ta cin wuta ta zarce ƙofarsa da aƙalla santimita 30, saboda garwashin da kan faɗo idan an buɗe. Labule, kafet da kujerun soso su yi nisa da shi daidai da tazarar da kamfani ya rubuta a takardarsa.

Bututun hayaƙi shi ne ran aikin, kuma a nan ne bai kamata a yi rowa ba. Ya tashi a miƙe kimanin mita 4, bakinsa ya zarce tsinin rufi, a sa masa hula don ƙurar hunturu da ruwan damina. Inda ya ratsa silin ko katakon rufi dole ne ya zama mai bango biyu da abin tare zafi a tsakani. Maƙeran kasuwar Katako ta Yamai za su iya yanka farantin ƙarfen da ake shimfiɗawa a ƙasa da hular, amma a tsaya a kansu har kowace mahaɗa ta liƙe, domin iskar guba ta kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, ita ce kuma ke halaka masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Don haka a bar wata kafa da iska za ta shigo, a kuma rataya na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru.

Itacen ya zama busasshe, danshinsa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Idan aka buga guda biyu suka yi amo mai kaifi, sun bushe. Geza da sabara sun wadatar, kuma kada a jefa katako mai fenti ko leda.

Wajen kunnawa, 'yan Norwe daga sama suke farawa. A jera manyan faskare biyu ko uku a ƙasa, a giciya ƙirare a kansu, a sa wuta a can sama, a buɗe mashigar iska gaba ɗaya. Wutar na sauka tana ƙone hayaƙin da ke tasowa, shi ya sa gilashin ba ya saurin baƙi. Sai ta kama sosai ake rage iska, amma kada a toshe ta har harshen wuta ya mutu. A bar toka kamar kaurin yatsa a gindin murhu, sauran a kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi, a kuma share bututun sau ɗaya a shekara, kafin ɗari ya shigo.