Yadda zaka ji daɗin waƙoƙin cocin Turai da aka ɗauka a tsohon salo

Toh jama'a, duk wanda ya taso a nan Kassala ko Gadarif ko Mai Wurno ya san bambancin madihu da ake yi da bandiri kawai, wanda muke cewa tar, da wanda aka cika masa organ, na farkon kana jin kowane baiti da kowace murya har numfashin mai amshi, na biyun kuma sauti ya rufe kalmomi. Wallahi irin wannan bambancin ne na tarar a waƙoƙin coci na su Bach da Handel, mawallafan kiɗa 'yan asalin Jamus, tun ina karatun kiɗa a Khartoum, kuma ni musulmi ne, aikin murya nake bi.

Da farko ka sani ba wanda ya ɗauki muryar mutanen Bach, ya rasu 1750, na'urar ɗaukar sauti da maimaita shi kuwa sai 1877 Edison ya ƙera ta. Abin da ake cewa tsohon salo shine masana suka koma kan takardu da tsofaffin kayan kiɗa suka yi ƙoƙarin rera abin kamar yadda akeyi a lokacin, gogen Turawa da tsirkiyar hanjin tumaki ba ta ƙarfe ba, sarewa ta katako, ga mawaƙa 'yan kaɗan. Bach da kansa ya rubuta wa hukumar garin Leipzig a 1730 yana neman aƙalla mutum 3 a kowace murya, wato kowane sashen mawaƙa daga masu siririyar murya zuwa masu kauri, in da hali 4, amma daga baya a Ingila har dubban mutane aka riƙa tarawa su rera Messiah ta Handel wadda aka fara yi a Dublin a 1742.

Ka nemi samma'a mai kyau, wato abin sauraro na kunne, dan Allah kar kaji ta sifikar waya, rabin abin zai ɓace. Idan shabaka tayi ƙarfi ka sauke yanki ɗaya amma ɗauka biyu. Ni shawarata ka fara da buɗewar St Matthew Passion ta Bach, waƙar labarin wahalar Yesu yadda ya zo a Linjilar Matta, ka samo ta jagora Klemperer ta farkon shekarun 1960, mai taron mawaƙa da yawa, sannan ta jagora Gardiner wadda ita ce a tsohon salo. Ka duba tsawonsu kafin ma ka kunna, ta Klemperer ta haura minti 11, ta Gardiner wajen minti 7 ce, kuma rubutu ɗaya ne fa.

Ka fara da Klemperer, ka bari ta ƙare kar ka tsallake, tana da nauyi da kwarjini kamar kogin Gash in ya kawo ruwa. Sai ka kunna ɗayar, anan ne aikin yake. Rukuni biyu ne na mawaƙa, ɗaya yace ku duba, ɗayan ya amsa da tambaya wai wa, haka suke ta jefa wa juna kamar zabiya da 'yan amshi, can sama kuma ga muryoyin yara suna jan wani baiti daban a hankali. A tsohon salo zaka iya kama murya ɗaya ka bita tun daga farko har ƙarshe bata ɓace maka ba, ka gwada da masu kaurin murya na ƙasa, sai ka maimaita ka bi na sama, ni sau uku nake ji kafin in ce na ji. Zaka lura kuma basa karkarwar murya sosai, a miƙe take fita, shiyasa in muryoyi biyu suka gogi juna sannan suka daidaita kana jin abin har cikin ƙirji.

Wani abu kuma, sautin yakan ɗan sauko ƙasa, yawancinsu suna ɗaure kayansu a 415 maimakon 440 da aka saba yau, wato yawan girgizar sautin da ake daidaita kaya da shi a daƙiƙa ɗaya, to kar ka zaci wayarka ce ta lalace.

Wajen nema ka duba sunan jagoran. Harnoncourt ya kafa ƙungiyarsa a Biyana 1953, akwai Herreweghe na Beljiyam, akwai Masaaki Suzuki na Japan wanda ya fara tasa a 1990, nasa a natse yake sosai shi nafi so da daddare. Wani jagora kuma, Rifkin na Amurka, yace mutum ɗaya tak a kowace murya, har yau masana na gardama akai, ni dai gaskiya nafi jin daɗin 3 ko 4 don akwai wuraren da ake buƙatar jin taro.

Idan data tayi ƙaranci ka shiga YouTube ka rubuta Netherlands Bach Society, kyauta suke sakawa kuma kana ganin kayan kiɗan da idonka, ka rage ingancin hoton zuwa 360 ka sauke, in an ɗauke kahraba da dare gari yayi tsit sai ka saka samma'arka.