Yadda ake duba farantin ƙarfe bayan fashewar gas

Masu walda a unguwannin Suame Magazine da Aboabo na Kumasi kan karɓi ƙofofin shago da bangon kontena da fashewar tukunyar gas ta lotsa, a ce su miƙe su. Kada a yi saurin ɗaukar guduma. Iskar fashewa bugu ɗaya take yi, cikin ƙasa da daƙiƙa, amma a kan dukkan faɗin farantin. Matsin kilofaskal 10 (ma'aunin ƙarfin matsi ne), wanda ya isa ya tarwatsa gilashin taga, idan ya sauka kan ƙofa mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2, ya kai nauyin tan 2.

Lalacewar iri uku ce, kamar yadda masu bincike Menkes da Opat suka rarrabe a 1973, daga baya gwaje-gwajen wani masani, Nurick, a Jami'ar Cape Town suka tabbatar da ita a kan faranti. Ta farko, farantin ya lotsa kamar kasko bai yage ba. Ta biyu, ya miƙe har ya yage a bakin inda aka kama shi. Ta uku, idan bugun ya yi tsanani, ya yanke a gefe tun kafin tsakiyarsa ta lotsa sosai.

Fara da awo. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe daga gefe zuwa gefe, auna zurfin lotsawar a tsakiya, ka raba da kaurin farantin. Faranti mai kaurin milimita 2 da ya lotsa milimita 40 ya nutse ninki 20 na kaurinsa. Irin wannan ba lanƙwasa kawai ya yi ba, ya miƙe ya sirance, kuma duka ba ya mayar da kaurin da ya tafi. A canza shi.

Sai gefe, inda aikin yake. Kankare fenti da burushin waya a duk tsawon waldar, ka nemi layin da ƙarfen ya sirance dab da ita, don zafin walda yakan sauya ƙarfen wurin. Tsagar da ido ba ya gani kuwa, kwaɓa alli da ruwa ka shafa a fuska ɗaya, ka bari ya bushe, ka shafa kananzir a ɗaya fuskar. Inda allin ya yi tabo, nan tsaga ta ratsa. Duba hinji da sakata ma, domin bayan turawa iskar takan ja baya, ƙofar ta sake fizgowa.

Wajen sake haɗawa, waldar ɗigo-ɗigo ita ce babbar matsala: ƙarfin bugun yana taruwa a kan ɗigon, ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. A ja walda mai ɗorewa. Ninka kauri sau biyu na ƙara taurin lanƙwasa sau takwas, amma sau da yawa ya fi araha a gitta ƙarfen kusurwa a baya don rage faɗin wurin da ba shi da madogara. Sai dai duk taurin da aka ƙara wa faranti, firam ne zai ɗauki nauyinsa, saboda haka a kafe firam ɗin cikin kankare.

Ɗakin ajiye tukwanen gas kam bai kamata a rufe shi ruf da ƙarfe mai kauri ba. A sa rufin kwano marar nauyi wanda zai fara buɗewa sama idan fashewa ta auku, a bar kafofin iska a ƙasan bango, tunda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya.